Tambayi likita: homosistin da ciwon damuwa a wajen tsofaffi

Tambaya: Likita wai menene homosistin?

Amsa: Sinadari ne a cikin jini, jiki ke samar da shi in yana sarrafa furotin. Bitamin B12, B6 da folet ke rage shi, in sun yi karanci ko koda ta yi rauni sai ya hau.

Tambaya: A wane abinci ake samun B12?

Amsa: Nama, hanta, kifi, kwai, nono. Folet kuma wake da alayyahu.

Tambaya: Likita Hajiyarmu shekararta 70, tana da suga, asibiti sun dora ta kan maganin damuwa. Naga bidiyo ana cewa an gano a Amurka homosistin ke kawo damuwa, shine na tsayar da maganin na siyo mata folik asid, wato kwayar folet, a kemis. Yayi?

Amsa: Haba yar uwa! Bai yi ba sam, gobe-goben nan ki mayar da ita wajen likitanta. Maganin damuwa ba'a yanke shi farat daya, jiri ne da rashin barci, ciwon kuma ya dawo.

Binciken da na sani a Sakaramento ta jihar Kalifoniya aka fara shi a 1998, kan tsofaffi 1,789 yan asalin Latin Amurka, yawanci yan Meziko, masu shekara 60 zuwa sama. An ga matan da folet dinsu yayi kasa sun fi nuna alamun damuwa. To amma kinga tsohuwar da damuwa ta kama ai bata cin abinci, dole bitamin dinta ya sauka, kenan ganinsu tare bai nuna wanne ya jawo wanne ba, kuma da aka gwada bawa tsofaffi bitamin homosistin din yana sauka amma damuwar bata tafiya haka kawai.

Abinda yafi tayar min da hankali folik asid din nan ne. In B12 dinta ne yayi kasa zai gyara karancin jinin ya rufe matsalar, jijiyoyi na cigaba da lalacewa, kafa na dindiris, ga mantuwa. Kuma metformin da masu suga ke sha in an dade yana rage B12. Ki ce a auna mata B12 din. In ta fara maganar gara mutuwa ko taki abinci, kar ki jira gobe ma, asibiti a ranar, dan Allah.

Tambaya: Baba ya daina fita majalisa, baya hira, ance tsufa ne.

Amsa: Malam kar ka yarda da wannan. Kai shi asibiti cikin satin nan a duba shi, harda jini.