Wai Turawa ba su taɓa tunanin gyara rubutunsu ba ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Zariya, kullum fama nake da yara kan sifelin na Turanci, yaro ya rubuta naif maimakon knife in soke, ya ce to malama ai ba a jin k ɗin. Su masu yaren ba su ga matsalar ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam malama. Yaron nan naki fa yana da gaskiya. Da can ana furta k ɗin, baki ne ya canza, shi kuma rubutu ya daskare bayan William Caxton ya kawo injin buga littafi Ingila a 1476.

Sun gani kam, sun kuma gwada ba sau ɗaya ba. Wanda ya ɗan ci riba shi ne Noah Webster na Amurka, ƙamus ɗinsa na 1828 ne ya sa colour ta koma color a can. A 1906 attajiri Andrew Carnegie ya zuba kuɗi aka kafa kwamitin sauƙaƙa sifelin, shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya ɗau zafi ya ce a sauƙaƙa kalmomi 300 a takardun gwamnati, through ta zama thru, jaridu suka yi ta masa shaƙiyanci majalisa ta ce ba ta san zancen ba, kafin shekarar ta ƙare ya janye abinsa.

Wanda ya fi ba ni tausayi na James Pitman ne, don shi saboda yara irin naki ya yi. A 1961 aka fara gwada haruffansa 44 a wasu makarantun Ingila, kusan kowane sauti da harafinsa, yara suka kama karatu da wuri iyaye na murna, amma da lokacin komawa rubutun kowa da kowa ya yi sai wasu suka rikice, an koya musu abu biyu kenan. A hankali aka watsar.

Kuma in an ce a rubuta yadda ake faɗa, bakin wa za a bi? Ɗan Sikotilan yana furta r a car, ɗan Landan ba ya yi. Mu ma kar mu cika baki, garin tuwo da garin Kano rubutu ɗaya muke musu.

Ki riƙa haɗa musu kalmomin gida-gida a allo, knife da knee da know rana ɗaya, gobe light da night da right.