Me ya haɗa bel ɗin wando da Middle Belt?

Malam, ka tambaya daga ina kalmar "belt" ta fito, kuma me ya sa ake jin ta a wando, a mota, har a taswirar Najeriya. Asalinta daga Latin ne, "balteus", ɗamarar fata da sojan Rum kan rataya takobinsa a jiki. Ta shiga Turanci shekaru sama da 1,000 da suka wuce. Da ta iso bakinmu muka datse wutsiyarta, ta koma bel.

Siffa ce ta haɗa ma'anonin: abu mai tsawo, siriri, wanda ya zagaye wani abu ko ya ratsa shi. Shi ya sa makanike ke da fambel, wanda in ya yi sako-sako za ka ji yana ƙara da safe in an tayar da mota, batir kuma ya daina caji sosai. Taimin bel, wanda ke daidaita motsin fistin da bawul a cikin inji, ya fi haɗari, domin a wasu injuna in ya tsinke ana tafiya, fistin kan daki bawul, sai an buɗe inji. Middle Belt kuwa zirin ƙasa ne da ya ratsa tsakiyar Najeriya, su Filato, Binuwai da Nasarawa.

Inda masu fassara ke faɗawa rami shi ne karin magana. Bature in ya ce "tighten your belt", nufinsa a tsuke bakin aljihu, kamar wanda ya rame har ya matsa bel zuwa huda ta gaba. Wanda ya fassara shi da "ɗaura ɗamara" ya kauce, don mu ɗamara shiri ce ta tunkarar aiki ko kokawa. "Below the belt" daga dokar damben Turawa ya fito, inda aka hana naushi ƙasa da ƙugu, sai aka ara wa maganar da ta wuce gona da iri. A matsayin aikatau kuma, "to belt" jibga ce.

In bel ɗin wando za ka saya, lambar da ke jiki awo ne daga ƙarfen maƙalawa zuwa huda ta tsakiya, kuma hudojin galibi 5 ne, inci 1 tsakaninsu. Mai wando 34 ya nemi bel 36.