Famfo mai fikafikai masu zamewa: na mai ne, ba na ruwan Gulbi ba

Tambayoyin wannan karon duk kan famfo suka zo, yawancinsu daga masu garka a kwarin Gulbin Maradi da ke shirin noman rani. Na zaɓi guda huɗu da suka shafi iri ɗaya, wanda ake rubuta wa pompe à palettes a jikin kwalinsa.

Wani manomi daga Jiratawa ya ce: "Malam, na sayi ƙaramin famfo mai aiki da batir. Mai shago ya ce yana jan ruwa da kansa ba sai an ɗura masa ba. Na sa shi a rijiyar garkata ina shayar da zogale. Da fari lafiya lau, yanzu sai ƙugi, ruwan kuma ɗan tsirit. Na kwance shi na ga wasu 'yan fallaye baƙaƙe sun cinye. Me ya same shi?"

Ɗan'uwa, mai shago bai yi maka ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa maganar ba. Waɗannan fallayen su ne fikafikan. A cikin famfon akwai dunƙulen ƙarfe mai juyawa, an tsattsaga gefensa, kowace tsaga da fiffike a ciki yana shiga yana fita. Ba a tsakiyar gidansa aka zaunar da dunƙulen ba, an ɗan karkatar da shi gefe guda. In ya juya, fikafikan su fito su manne da bango, sai tsakanin kowane biyu ya zama ɗan ɗaki a rufe. Ɗakin yana faɗaɗa a bakin shiga ya tsotso, yana ƙuntata a bakin fita ya tura. Tun 1874 wani mutumin Kanada, Charles Barnes, ya yi rajistar wannan dabara.

Mannewar nan ita ce duk ƙarfinsa. Saboda ita yake iya fitar da iskar da ke cikin tiyo ya jawo ruwa da kansa. In bakin fiffike ya ɗan ci, sai ya ƙara fitowa daga tsagarsa ya cike gurbin, don haka famfon kan daɗe bai rage aiki ba. To amma ita ce kuma ajalinsa a garka. Ƙasar kwarinmu yashi ce, rijiyar garka kuwa ba ta rabuwa da rairayi, balle in an tsotse ta ta kusa ƙafewa. Kowace ƙwayar yashi da ta shiga tsakanin fiffike da bango, tamkar ka goga wuƙa a dutsen wasawa ne, ba sau ɗaya ba, dubbai a kowane minti. Wata kuma ta maƙale a cikin tsagar, fiffiken ya kasa fitowa. Ƙari a kan haka, ruwa ba shi da santsi irin na mai, kuma yana sa gidan baƙin ƙarfe tsatsa cikin dare. Sa yatsa ka shafa bangon ciki. In sumul yake, sabbin fikafikai za su tashe shi. In ka ji zane-zane, kada ka ɓata kuɗinka, sababbin ma haka za su cinye.

Wani Alhaji daga Tibiri mai tarakta da injin niƙa ya tambaya: "Ina son famfon ɗibar gazuwal daga tano. Na ga mai fikafikan ƙarfe, na ga mai na gawayi ko roba mai tauri. Wanne ya fi? Kuma zan iya jan isans da shi?"

Alhaji, ranka ya daɗe, nan ne gidan wannan famfo. Gazuwal mai tsabta yana da ɗan santsi, ba shi da kauri, abin da fikafikan ke so ke nan. Shi ya sa ake samun irinsa a motocin dakon mai da gidajen mai da yawa. Ƙananan masu batir na bolt 12 sukan ba da wajen lita 40 a minti, tano mai lita 200 ke nan cikin minti biyar ko shida.

Kan fikafikai, maƙera ba su samu abin da ya haɗa komai ba. Na ƙarfe yana daɗewa, amma in datti ya shiga ko mai ya yanke, bangon gidan yake ci, gidan kuwa shi ne mai tsada. Na gawayi ko roba mai tauri shi ke cinyewa ya bar gidan lafiya, kuma ya fi jure ɗan juyi ba mai. Da gangan aka yi shi mai saurin mutuwa don a riƙa canza shi. A wurinmu, inda ƙurar hunturu ke shiga kowane tano, ni na fi son na biyun, da sharaɗi ɗaya: kafin ku biya, ku tabbata mai shagon yana da fikafikan canji. Araha ba ta ado, famfon da ba a samun kayansa a Maradi in ya tsaya ya tsaya ke nan.

Ku duba kuma ko yana da bawul ɗin sauke matsi. Irin wannan famfo ba ya sanin an toshe masa hanya, turawa kawai yake. In an rufe bakin tiyo yana aiki, ko tiyo ya fashe ko injin lantarkin da ke juya famfon ya ƙone. Bawul ɗin yana mayar da man baya ya yi ta zagaye, sai dai man yana zafi, don haka kada a bar shi haka fiye da minti biyu ko uku. Ku sa rariya a bakin tiyon tsotso, ku ɗaga shi kaɗan daga gindin tano inda laka da ruwa ke kwanciya. Da yawa daga cikin masu batir ɗin nan rabin awa aka yi su su yi aiki sannan su huta.

Batun isans kuwa, don Allah a'a. Injin lantarkin famfon gazuwal yana tartsatsi a ciki, tururin isans kuma tartsatsi ɗaya yake jira. Sai wanda aka ƙera musamman don isans, aka rubuta a jikinsa. In babu, ku yi amfani da na hannu mai mariƙin juyawa, nesa da wuta.

Wata Hajiya mai jagorantar matan da ke tatsar man gyaɗa a Tasawa ta ce ɗura mai a bido da moɗa yana cinye musu yini, ko wannan famfon zai yi?

Hajiya, zai yi, amma a hankali. Man gyaɗa ya fi gazuwal kauri nesa ba kusa ba, kuma da sanyin safiyar Disamba da Janairu yana ƙara kauri. A mai kauri, fiffike ba ya saurin fitowa daga tsagarsa, ɗakunan ma ba sa cika in juyin ya yi sauri. Ƙaramin mai batir ɗin nan gudu ya yi masa yawa, zai yi ta kuka yana zafi. Ku nemi mai juyawa sannu, ko na hannu wanda aka sa wa fikafikansa sifirin da ke tura su waje, da tiyo mai faɗi gajere. Ku bar man ya kwanta, ku tace shi daga garin tunkuza tukuna. Famfon ya zama sabo, na kayan abinci, na ƙarfen da ba ya tsatsa. Wanda ya taɓa jan gazuwal ko sau ɗaya ne kada ya kusanci man da mutane za su ci.

Na ƙarshe daga Madarunfa: "To garka fa, wanne za mu saya?"

Injin ban-ruwa da kuka saba da shi, mai farfela a ciki. Farfelarsa ba ta gogar bango, shi ya sa yake haƙuri da yashi, ko da yake sai an ɗura masa ruwa kafin ya kama. Amma kowane famfo da ke zaune a bakin rijiya, ko wane iri ne, ba ya tsotso daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, domin nauyin iska ne ke tura ruwan cikin tiyo, ba ƙarfin inji ba. Ku auna zurfin ruwanku a watan Afrilu ko Mayu lokacin da ya fi sauka, ku sake aunawa bayan injin ya yi awa ɗaya yana ja. In ya wuce mita 7, ku nemi famfon da ake zurawa cikin ruwan, na lantarki ko na hasken rana, a rataye shi sama da gindin rijiyar don kada ya sha yashi.