Motarka da Lafiyarta: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata mafi yawansu a kan zafin inji suke, kuma ba abin mamaki ba ne tunda bazara ta kama, don haka da wannan matsala za mu fara.

Tambaya: Malam, ina da Toyota Corolla ƙirar 2005 wadda nake zuwa aiki da ita. Tun shigowar bazara, duk lokacin da na shiga cunkoso sai allurar zafi ta haura ta wuce tsakiya, amma da zarar na hau babban titi sai ta sauko. Bakanikena ya ce a cire tamostat a kuma jona fanka kai tsaye, wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Shin in yarda? Daga wani malamin makaranta a Gusau.

Amsa: Malam, kada ka yarda, domin bayanin da ka yi da bakinka ya riga ya wanke tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa tsakanin inji da lagireto, daga laifi. Motar da ke zafi a cunkoso ta kuma huce idan tana gudu, iska ce ba ta ratsa lagiretonta yadda ya kamata. A babban titi gudun motar ne ke tura mata iska, a cunkoso kuwa fanka kaɗai ta dogara da ita. Da tamostat ne ya maƙale a rufe, da zafin ya fi tsanani lokacin da kake taka totur a kan hanya. Saboda haka ka fara da fanka: ka tayar da mota, ka kunna esi, ka buɗe bonet ka duba. Idan fanka ba ta juya ba, ko tana juyawa a kasalance, sai mai wayarin ya duba fiyus da rile da kuma motar fankar kanta. Idan tana juyawa da ƙarfi, sai a dubi fuskar lagireto da kondensar esi da ke gabansa, domin ƙurar hunturu da ƙwari da ledoji sukan toshe ƙananan ramukan har iska ta kasa wucewa.

Batun cewa don ƙasar sanyi aka yi tamostat, magana ce da ta daɗe tana yawo a garejinmu, kuma ta jawo wa mutane asara mai yawa. Duk wanda ya je aikin Hajji ya san zafin Makka bai gaza na Gusau ba, amma motocin da ake sayarwa a Saudiyya da tamostat ɗinsu suke fitowa daga kamfani. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 82 a ma'aunin Salshiyos, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto, ta yadda inji zai zauna a kusan digiri 90, wanda shi ne zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. Idan aka cire shi, inji yakan daɗe bai yi ɗumi ba, musamman da safe da lokacin hunturu, kwamfutar motar kuma ta ci gaba da ƙara masa fetur tana zaton har yanzu a sanyaye yake. Ragowar fetur ɗin da bai ƙone ba yakan wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka wanda ke ƙasa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, ba na jin akwai malamin makarantar da ke da kuɗin ƙona fetur a banza. Fankar da aka jona kai tsaye ita ma ba ta hutawa, kuma ranar da ta ƙone a tsakiyar hanya ba za ta yi maka sallama ba.

Akwai kuma abu biyu masu araha da ake yawan mantawa da su. Na farko murfin lagireto ne. Za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1 a kansa, wato ƙarfin matsin da yake riƙewa, kuma wannan matsin ne ke hana ruwa tafasa har sai ya kusa digiri 120. Idan robar murfin ta tsufa, ruwa zai riƙa tafasa da wuri yana zubewa. Na biyu shi ne irin ruwan da ake zubawa. Na taɓa tsayawa a kan wata mota da aka kwance tiyon lagiretonta na ƙasa, ruwan da ya fito ja ne jawur kamar na kududdufi, da muka ciro famfon ruwa kuwa sai muka tarar tsatsa ta cinye fukafukansa, saura ɗan guntun ƙarfe yana juyawa ba ya tura komai. Mai motar shekara uku yana zuba mata ruwan rijiya. Ka sa a wanke lagireto, a zuba ruwan sanyaya inji mai launi wanda ake sayarwa a galan, domin yana ɗauke da maganin tsatsa.

Idan allura ta kai ja kana tafiya, ka tsaya ka kashe mota. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, tururin na iya sale maka fuska da hannu, kada kuma ka kwara wa inji ruwan sanyi, domin kan injin Corolla na alminiyam ne, yana iya lanƙwashewa. Idan bayan haka ka ga farin hayaƙi mai kauri daga salansa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara, to gaskit ya ƙone, kuma aikin ya wuce na fanka.

Tambaya: Malam, na daɗe ina tara kuɗi don in sayi mota. Wani dillali ya nuna mini Toyota Camry ƙirar 2008 'yar Beljiyam, ya ce ba ta taɓa yin hatsari ba, kuma mil 62,000 kawai ta yi. Me ya kamata in duba kafin in biya? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Kano.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri. Sunan Beljiyam ya samo asali ne daga lokacin da ake lodin motocin hannu daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp zuwa Kwatano, amma Camry irin wannan kusan duka daga Amurka da Kanada suke zuwa, kuma da yawa daga cikinsu an saye su ne a kasuwannin gwanjo irin su Copart da IAAI, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi hatsari ko suka nutse a ruwa. Wannan bai sa dukkansu sun zama marasa kyau ba, amma ya sa ba za a tsaya a kan maganar baki ba.

Ki fara da lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, za ki gan su a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa, kuma dole su zama iri ɗaya da na takardu. Na goma a jerin shi ne ke nuna shekarar ƙira, don haka a motar 2008 lamba 8 za ki gani. Da wannan lambar ake neman tarihin mota a intanet ta hanyar Carfax da makamantansa, wani lokaci ma har hotunanta na ranar gwanjo sukan fito. Lissafin mil 62,000 kuwa ban gamsu da shi ba. A Amurka mota takan yi fiye da mil 10,000 a shekara, kuma mayar da wannan lamba baya aikin 'yan mintoci ne ga mai na'ura. Ki dubi robar birki da ta totur da fatar sitiyari da gefen kujerar direba. Idan sun suɗe sun yi santsi, sun fi lambar mil ɗin faɗin gaskiya.

Motar da ta sha ambaliya ita na fi ji miki tsoro, domin lalacewarta a wayoyi take ɓuya, ta riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Bayan guguwar Harvey da ta afka wa birnin Houston a 2017, motoci masu ɗimbin yawa sun shiga gwanjo. Ki ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ki ga ko akwai layin laka a jiki, ki ɗaga dardumar ƙasa ki shinshina, ki leƙa ƙarƙashin kujera ki ga ko ƙarafan sun yi tsatsa, ki kuma ɗaga safayar taya a but. Idan kika ji an cika motar da turare fiye da kima, ki ƙara lura.

Sai ki murɗa makulli ba tare da kin tayar da inji ba. Dole fitilun gargaɗi su kama duka, har da ta inji da ta birkin ABS da ta jakar iska, sannan su mutu bayan mota ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, to mai yiwuwa an cire ƙwanta ne ko an rufe ta don a ɓoye matsala. Ki je da bakaniken da ke kika ɗauko, ba wanda dillali ya kawo ba, ya jona na'urar bincike, ya shiga rami ya duba ƙarƙashi, ya kuma tabbatar ba a fasa salansa an kwashe abin tace hayaƙi da ake kira indomi ba. Ki nemi a tayar da motar a gabanki da sassafe kafin ta yi ɗumi. Injin lita 2.4 na Camry ƙirar 2007 zuwa 2009 an san shi da shan baƙin mai saboda matsalar ringin fistin, kuma shuɗin hayaƙi daga salansa alamarsa ce.

Kada ki saki kuɗi sai kin tantance takardun kwastan a ofishinsu. A ranar 1 ga Janairu, 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma motar da ba a biya mata haraji daidai ba ana iya kama ta a hannunki ko da ba ke kika shigo da ita ba. Ki kuma rage wani abu daga cikin kuɗin da kika tara, domin baƙin mai da filogi da batir da taya kusan kullum sukan nemi canji a watan farko.

Tambaya: Malam, Honda Accord ƙirar 2008 gare ni. A murfin mai an rubuta 5W-20, amma masu sabis sun ce ya yi ruwa-ruwa, 20W-50 ne ya dace da zafin ƙasarmu. Wanne zan bi? Daga wani ɗan kasuwa a Zariya.

Amsa: Alhaji, ka bi abin da ke rubuce a murfin. Mai kauri irin 20W-50 ya dace da Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna da sauran injinan wancan zamani, kuma a kansu ne yawancin manyan bakanikenmu suka koyi aiki, shi ya sa suka saba da shi. Injin motarka yana da ƙananan hanyoyin mai, kuma da ƙarfin man ne na'urar i-VTEC ke sarrafa buɗewar bawul. Mai kauri yakan yi jinkirin isa saman inji a daƙiƙun farko bayan an tayar da mota, kuma a wannan ɗan lokacin ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Idan 5W-20 ya yi wuyar samu, 5W-30 ya fi kusa da shi nesa ba kusa ba. Saboda ƙura da cunkoso, ina ba da shawarar a canza mai da matatarsa duk kilomita 5,000, a kuma riƙa duba matatar iska da hunturu. Ka sayi man da kanka a wurin da ka amince da shi, ka tabbatar hatimin galan bai fashe ba, domin jabu ya yi yawa a kasuwa. Haka nan man giya: Honda tana da nata, DW-1, kuma zuba mata kowane jan mai ya kashe giyar motoci da dama.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina jigilar fasinja tsakanin Katsina da Maraɗi. Sau biyu taya na fashe mini a bana, alhali zanenta bai cinye ba. Mene ne dalili? Daga wani direban haya.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ƙara tsarewa. Zanen taya ba ya nuna shekarunta. A gefenta, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu a ƙarshe: idan ka ga 2321, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar taya a matsayin wadda ta ƙare aiki bayan shekara 4 da yin ta, kuma yawancin tayoyin hannu sun wuce haka kafin su iso gare mu. Robar da ta bushe, ga lodi, ga kwalta mai zafi da tsakar rana, ba ta jurewa. Ka kuma lura da iska, domin masu faci da yawa sukan bugo 45 ko 50, alhali awon da ya dace da motarka yana rubuce a jikin ƙofar direba ko murfin tanki. Ka auna da safe kafin taya ta yi zafi, kuma ka sani ƙarancin iska ma yana fasa taya, don yana sa gefenta ya yi ta lanƙwasa har ya yi zafi ya yage.

Tambaya: Malam, wani ya yi mini takardar inshora a kan naira 5,000 lokacin sabunta takardu. Tana da inganci? Daga wani mai karatu a Bauchi.

Amsa: Malam, ina shakka ƙwarai. Tun watan Janairu na 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, wato NAICOM, ta mayar da kuɗin inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna naira 15,000 ga motar gida, kuma inshorar tana biyan diyyar dukiya har naira miliyan 3. Ka shigar da lambar motarka a rumbun bayanan inshora na NIID ta wayarka. Idan ba ta fito ba, takardar bogi ce, sai ka je kamfanin inshora mai lasisi ka yanki sabuwa kafin ka sake hawa hanya.