Hukuncin Taron Arba'in da Rubuta Tarihin Kakarmu ta Mai Wurno

Tambaya:

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗan Mai Wurno ne ta jihar Sinnar a Sudan, ina aiki a Jidda. Kakata ta wajen uwa ta rasu mako uku da suka wuce, ta haura shekara 90, ban samu jana'izarta ba. Ita ta raine mu. A unguwa ba a kama sunanta, Hausawa su ce Inna, Larabawa su ce Habboba. Ita ce ungozoma, ita ke wankan gawar mata, ita ce uwar adashi, ba ta taɓa karɓar ladan aiki ba. A ƙofar gidanta akwai randuna uku na sabil, wato ruwan sha na sadaka ga mai wucewa, tun ina yaro ban taɓa ganinsu a bushe ba. Da yaƙi ya koro mutane daga Hartum da Madani, daga kan gadonta take ba da umarnin tukunyar ciyar da baƙi.

Kawunnaina suna so ranar arba'in a kafa rumfa, a yanka sa, a yi sauka, a ba da labarinta, kuɗin kuma daga abin da ta bari. Ni kuwa na fara rubuta tarihinta don in tura wa dangi ta WhatsApp. Wani abokina ya ce duk wannan kukan mutuwa ne irin na jahiliyya, har ana iya yi mata azaba a kai. Tun da ya faɗa ban samu barci ba. Mene ne hukunci?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka makwancinta, ya ba ku haƙurin rashinta.

Ɗana, bari in fara da abin da ya hana ka barci. Hadisin da abokinka yake nufi ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun kawo shi, cewa ana azabtar da mamaci saboda kukan iyalinsa. Amma Nana A'isha da aka kai mata zancen ta kawo ayar da ke cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Mafi yawan malamai sun ɗora hadisin ne a kan wanda ya yi wasiyya a yi masa kururuwa, ko wanda al'adar gidansa ke nan, ya sani, bai hana ba. Abin da aka hana shi ne ihu, da marin fuska, da yaga tufafi, da kirarin ƙarya. Hawaye ba ya ciki. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Ka kwantar da hankalinka.

Ambaton alherinta kuwa yana da tushe mai ƙarfi. Anas ɗan Malik ya ce an wuce da wata gawa, mutane suka yabe ta, Annabi (SAW) ya ce "ta tabbata", wato Aljanna, sa'annan ya bayyana musu cewa su ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Tirmizi ya kawo cewa mafificin mutane shi ne wanda rayuwarsa ta yi tsawo, aikinsa ya yi kyau. Amma hadisin da ya faɗo mini tun ina karanta wasiƙarka shi ne na baƙar matar nan da ke sharar masallacin Madina, wadda wasu ruwayoyi suka kira Ummu Mihjan. Ta rasu aka binne ta ba a gaya wa Annabi (SAW) ba, kamar an ga lamarinta ƙarami ne. Da bai gan ta ba ya tambaya, ya ce don me ba ku sanar da ni ba, ya sa aka nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Mai shara ce, ba ta ja runduna ba, ba ta bar dukiya ba. A kowace unguwa tamu, daga Mai Wurno zuwa Gadarif har Makka, akwai irinta, kuma sau da yawa sai randa ta bushe ake tuna wanda ke cika ta.

Haka magabatanmu suka fahimta. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta kuma yi wa mata na kusa da ita, tana lissafa haƙurinsu da hidimarsu ga jama'a. Garinku ma kansa da tunawa yake raye: da ba a riƙa ba yara labarin yaƙin Burmi na 1903 da Turawa, da yadda Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya jawo jama'a gabas har suka sauka a bakin kogin Shuɗin Nilu ba, da yanzu ba ku san mafarinku ba. Don haka rubuta tarihin Inna ya halatta, ni ma ina ƙarfafa ka a kai.

Sai dai alƙalami yana da iyaka. Kada ka ƙara mata abin da ba ta yi ba. Bukhari ya kawo cewa Abdullahi ɗan Rawaha ya suma, 'yar'uwarsa ta shiga kuka tana yi masa kirari, da ya farfaɗo ya ce mata duk abin da ta faɗa sai an tambaye shi, haka kake? Kada kuma ka yanke mata Aljanna. Ummul Ala'i ta shaidi Usmanu ɗan Maz'un da cewa Allah ya girmama shi, Annabi (SAW) ya ce mata ta yaya kika sani, ko da yake shi ma ya ce yana yi masa fatan alheri. Ka rubuta "muna yi mata fata", ka tsaya nan.

Akwai kuma wata iyaka da nake jin tsoron ba ka lura da ita ba, ita ce ta fi damuna. Ungozoma da mai wankan gawa ma'ajiyar asirin gari ce. Inna ta shiga ɗakunan da ba a shiga, ta ga abin da ba a faɗa, ta kai hatsi da dare gidajen da masu su ba sa so a san tukunyarsu ta kwana a kife. Ta tafi da duk wannan cikinta. In ka rubuta cewa ta ciyar da gidan wane shekara kaza, ko ta sasanta wance da mijinta, ka yabe ta ne da tonon asirin da ta kwashe rayuwarta tana rufewa, kuma saƙon waya in ya fita ba ya dawowa. Ka ambaci aikin, ka bar sunayen. Wanda ya rufa wa Musulmi asiri, Allah zai rufa nasa.

Yanzu batun arba'in. Ban san wani dalili daga Alƙur'ani ko Sunna da ya ba wannan rana falala ba. Zaman makoki ga wanda ba miji ba kwana uku ne. Abin da aka koya mana shi ne maƙwabta su dafa wa gidan mutuwa, kamar yadda Annabi (SAW) ya ce a yi wa iyalan Ja'afar abinci bayan shahadarsa a Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira. Jarir ɗan Abdullahi ma ya ce sahabbai suna lissafa taruwa a gidan mamaci da dafa abinci bayan binnewa cikin kukan mutuwar da aka hana. Na san akwai malamai a Sudan da ƙasar Hausa da ke kallon sadakar uku da bakwai da arba'in a matsayin al'ada da ta ƙunshi addu'a da ciyarwa, ba kuma na zaginsu. Abin da na rinjayar dai shi ne kada a ƙulla ibada da ranar da shari'a ba ta ƙulla ba. In dangin da yaƙi ya warwatsa tun 2023 sun samu ranar da hanya ta ba su damar haɗuwa, su gaisa, su yi mata addu'a, tsofaffi su ba yara labarinta, babu laifi, ko ranar talatin ce ko ta sittin. Karatun Alƙur'ani da ba da ladansa ga mamaci malamai sun yi saɓani a kai: mashahurin zancen Malikiyya na farko bai goyi baya ba, na baya cikinsu da Hanafiyya da Hambaliyya sun yarda. Kada ku ɓata zumunci a kansa. Addu'a da sadaka kam babu saɓani suna isa.

Kuɗin gado kuwa a nan ba ni da sassauci. Kafin komai a biya bashi, a mayar da amana. Ka ce uwar adashi ce, to a binciki wanda ya zuba bai ɗauka ba, da wadda ta ba ta ajiyar 'yan kunne ko kuɗi, a sallame su. Sa'annan wasiyya in ta bari, iyakarta sulusi. Abin da ya rage na magada ne, ba a yanka sa da shi sai kowannensu ya yarda da zuciya ɗaya, har wanda ke nesa, har 'ya'yanta mata da za su iya yin shiru don kunyar yayyensu. Shirun kunya ba yarda ba ne.

Kai da ba ka samu jana'iza ba, kana da abin koyi. Mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu ba ya gari, ya tambayi Annabi (SAW) ko sadaka za ta amfane ta, ya ce eh, sai ya ba da gonarsa. A ruwayar Abu Dawud ya tambayi wace sadaka ta fi, aka ce masa ruwa, ya haƙa rijiya ya ce wannan ta Ummu Sa'ad ce. Randunan nan uku suna jiranka. Ka ware abin da za ka iya daga albashinka duk wata, ka wakilta amintacce ya riƙa cika su. In kawunnanka na da kuɗin sa daga aljihunsu, su kai naman tukunyar baƙin da ta bari. Ƙawayenta da suka rage kuma kada a manta da su, domin Annabi (SAW) yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. Sa'annan ka tambayi mahaifiyarka ko Inna ta koya wa wata wankan gawa. In ba ta koya ba, ku nemi matan da za su koya tun yanzu, domin farillar kifaya ce a kan unguwar.

Ka gaida kawunnanka, ka karanta musu wannan da ladabi, iyayenka ne.

Wallahu a'alam.