Jijjigar inji bayan canjin kuloci da filawil

Ka ce tunda kuka sa wa tsohuwar Ford Mustang ɗin nan sabon kuloci da filawil (faifan ƙarfe mai nauyi da ke bayan inji, wanda kuloci ke kamawa) take jijjiga, kana zargin fulogi. Ajiye sifana tukuna, yarona, ka ji.

Sa ta a firi tana tsaye, ka riƙa ba ta wuta a hankali. In jijjigar na ƙaruwa da wuta alhali motar ba ta motsa ba, to ba laifin taya ko farfela ba ne. Duba robar mazaunin inji. Sannan ka taka kuloci har ƙasa: fefen kuloci da ke tsakiya zai tsaya, amma filawil da murfin kuloci suna ci gaba da juyi. In har yanzu kujera na kaɗa ka, to a nan laifin yake.

Kada ka raina ɗan nauyi. Giram 10 da ya yi yawa a gefe guda, santimita 15 daga tsakiya, a juyi 3000 a minti yana fizga kamar kilo 15. A juyi 6000 ya kai kilo 60, domin in gudu ya ninka biyu, fizgar ninki huɗu take yi.  Boris ɗin karanshaf ne ke shan wannan duka, shi ya sa raina ke ɓaci in na ji bakanike ya ce wa mai mota "za ta saba".

Abin da na fi zargi shi ne filawil ɗin kansa. Injin Ford 302 da gangan aka bar wa filawil ɗinsa nauyi a gefe guda don ya cike na karanshaf. Na da awon wannan nauyin 28 ne a ma'aunin oz-in, daga farkon shekarun 1980 aka mai da shi 50. Ka sa na wannan a wancan, sai jijjiga. Saboda haka ka ɗauko tsohon da kuka cire, ka kifa su gefe da gefe, ka dubi dunƙulen ƙarfen da ke bayansu.

In ka kai wurin masu injin awo, tafi da tsohon, ka ce su daidaita sabon da shi, kada su shafe nauyin gaba ɗaya. Filawil za su fara gyarawa shi kaɗai, su ɗan huda inda ya yi yawa, sannan su ɗaura murfin su sake aunawa. Kafin a kwance, ka sa fenti a kan biyun, don su koma yadda aka auna su. Wajen ɗaurawa ka goge fuskar karanshaf tas, ka bi notuna a gicciye, kaɗan-kaɗan, da sifanar awo.