Tambaya da Amsa: Me Turawan Ingila ke nufi da "cheers"?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ban daɗe da zuwa karatu Birmingham ba, kuma kullum sai na ji kalmar "cheers": a bakin direban bas, a bakin mai kanti, har a ƙarshen saƙon imel na malaminmu. Ni dai a finafinai na san ta, in mashaya sun ɗaga kofunan giya. Ya dace in riƙa faɗinta?
Daga wani ɗalibi a Birmingham

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, ba tayin giya direban yake yi maka ba. Abin da ka gani a fim gaskiya ne, kuma a Amurka kusan nan amfaninta ya tsaya. Amma a Birtaniya da Ostareliya da Afirka ta Kudu, kalmar ba ta tsaya a mashaya ba, tuni ta shiga kasuwa da ofis.

Babban aikinta shi ne godiya a kan ƙaramin abu. Wani ya riƙe maka ƙofa, mai kanti ya miƙo maka canji, abokin karatu ya ara maka biro: "cheers" ta wadatar. Maza sukan ƙara "mate", wato aboki. A Bristol da Cardiff ma, fasinja in zai sauka daga bas yakan ce wa direba "cheers, drive", wato na gode, direba. Aikinta na biyu sallama ce, musamman a ƙarshen waya, kuma sau da yawa tana ɗauke da biyun a tare: na gode, sai an jima. In an faɗa maka, ka mayar da ita, ko ka ce "no worries", wato ba komai, ko ka gyaɗa kai kawai.

Asalinta tsohuwar kalmar Faransanci ce mai ma'anar fuska, daga nan ta koma walwala. Ɗaga kofi da ita ya zo ne a farkon ƙarni na 20, ma'anar godiya kuwa ta bazu a Birtaniya a wajajen shekarun 1970.

Ga inda baƙi ke tuntuɓe. Kalmar ba ta da nauyi, don haka ba ta ɗaukar babban alheri. Wanda ya kwana yana jinyarka a asibiti, in ka sallame shi da "cheers", zai ga ka raina ɗawainiyarsa. Nan cikakkiyar "thank you very much" ake so. Ba kuma gaisuwar isowa ba ce, kada ka shiga aji da ita. Sannan ka saurari murya: in ka ɓata wa mutum rai ya ce "cheers for that" fuska a murtuke, gatse yake yi maka.

A rubutu muna ba ka shawarar taka-tsantsan. Tunda malaminka ya rufe saƙonsa da ita, babu laifi ka mayar masa a gajeren saƙo. Amma takardar neman aiki, ko wasiƙa zuwa ofishin biza, ko saƙonka na farko ga wanda ba ka sani ba, rufe su da "kind regards", wato gaisuwar girmamawa.

Wajen furuci, yawancin mutanen Ingila ba sa fito da harafin r, sai ka ji kamar "ciyaz". In ka ja wasalin ya zama "ciiz", cuku ka ambata.